Ban Gajiyar da Aka Manta a Gwada

Ran nan ina zaune a barandar ofis ina jiran direba, sai na ji ɗaya daga cikinku, ba zan kama suna ba amma mai takalmin nan mai tsini ya san kansa, yana ce wa abokiyar aikinsa wai Hajiya Rakiya ta more, aikinta hira ne da yawo a motar ofis. Ita kuma ta yi dariya ta ce ai ko ita za ta iya. Ban tanka ba, don da na buɗe baki a lokacin da abin bai yi kyau ba. Sai da na huce, ko in ce na rage zafi, sannan na zauna na rubuta muku wannan. Na lura in ana yi muku magana idonku na kan waya, amma in rubutu ne kukan ɗan daure.

Ga aikina. Idan likitoci za su yi bincike a kan wata cuta ko wani magani, ko ba jima ko ba daɗe sai sun zo wurin mutane: a ɗebi jini, a auna nauyi, a yi tambayoyin da ko uwar mijinki ba za ta yi miki ba. To dole wani ya riga su shiga gari ya nemi yardar jama'a, ya zauna a tsakani har a gama, ya kai maganar marasa lafiya teburin likitoci, ya kawo ta likitoci gindin mangwaro. A takardar ɗaukar aiki an ba abin wani dogon suna na Turanci da har yau ban iya furta shi daidai ba. A ƙauyukan Shiroro kuwa "mai rakiyar likitoci" suke ce mini, kuma na fi gane wannan.

Ni 'yar Minna ce, jikar ma'aikacin reluwe. Na tashi a gidan haya mai ɗakuna a jere, maƙwabciyar dama Banufiya, ta hagu 'yar Gbagyi, don haka a bakin murhu na tsinci yaren kowa. Wannan ya sa aka ɗauke ni aiki, amma jin yare daban, sana'ar daban. Ita a hannun Baba Yohanna na koye ta, wani tsohon dubagari mutumin Kuta da ya yi ritaya ya koma raka masu bincike.

Aikin farko da na bi shi na tsargiya ne, fitsarin jinin nan da ke kama yaran bakin kogi. Ana son fitsarin 'yan makaranta a cikin ƙananan kwalabe. Muka cika bayan mota da kwalaye, muka isa wani ƙauye gaba da Kuta, Baba ya ce kada wanda ya buɗe bayan motar. Muka wuni a ƙofar gidan mai gari ana maganar doya, da tsadar taki, da wata gada da ambaliya ta cinye. Likitan da muka zo da shi sai duba agogo yake yi. La'asar na yi Baba ya miƙe ya ce mu tafi. A mota likita ya ce yau dai an yi asarar yini. Baba ya ce, "Likita, kai in bako ya shigo gidanka yau yau, ya ce ba shi fitsarin danka, za ka ba shi?" Likita ya fashe da dariya ya ce shi 'yan sanda zai kira. Sai a zuwa na gaba aka sauke kwalayen, kuma mai gari da kansa ya sa aka kaɗa ƙararrawar makaranta.

Na daɗe ina bin Baba ba ni da aiki sai ɗaukar tabarma da riƙe bakina. Kuna raina tabarmar nan da nake sawa a mota, na sha ganin kuna ɗora mata takalma. To ku sani duk gidan da kuka shiga, kujera ɗayan da suke da ita za a jawo muku, ku hau ku zauna sama da kowa, kuma mutum ba ya faɗa wa wanda ke samansa abin da ke cikinsa. "To" zai yi ta ce muku har ku tafi. Ina zuwa nake shimfiɗa abata kafin a kai ga ɗauko kujera. Bayan ita akwai silifas mai saurin cirewa, da mayafi marar ado a ƙasan jaka, don kina iya fitowa aiki ki tarar ana zaman makoki. Akwai sabulu da ƙullin gishiri na gaishe da tsofaffi. Akwai kuma 'yar kwalbar ɗiban jini, wadda ba komai a cikinta, ina miƙa wa uwa ta riƙe ta juya ta ga iyakar abin da za a ɗiba, don in kin ce mata "kaɗan ne" ita bokiti take gani. Wannan allon naku na latsawa ban ƙi shi ba, yana rage rubutu. Amma na ga ranar da batirinsa ya mutu a Kuta, aka bar mai shi tsaye a tsakar gidan mutane bai san ko yadda ake tambayar lafiyar iyali ba.

Masu hulɗa da ni iri biyu ne, kuma kowanne ya iya cin rai. Likita yana son mutum kaza kafin wata ya ƙare, kamar tumatir nake sarowa a kasuwa. Jama'a kuma da sun ga farar mota shi ke nan, gwamnati ta zo. Wannan gwiwar kakarsa, wancan aikin ɗansa da ya gama makaranta, wata kuma rijiyar burtsatse. Ki ce musu ke bincike kika rako, a ce eh an gane, amma dai ki duba maganar rijiyar. Ki koma ofis ki ce mutane na da tambaya, a ce ai an amsa ta a shafi na huɗu. Haka za ki yi ta kai da kawo, kowane ɓangare yana zargin kin koma ɗayan.

Akwai aikin ciwon suga da muka yi a nan Minna, unguwar Sauka Kahuta, da masu shaguna da masu aikin hannu. A nan aka fara sa marasa lafiya cikin kwamiti tun kafin a tsara komai. Zaman farko an kunna majigi, an yi ta zuba Turanci, an ajiye wa marasa lafiya lemo da cincin, sai da aka gama aka ce ko akwai mai tambaya. Wa zai yi tambaya? Na ce wallahi ba haka ake yi ba, a kashe majigin nan a koma Hausa. Da aka koma, Alhaji Mamman mai walda, wanda ya shekara da shekaru da ciwon, ya ɗaga hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, watan nan da kuka sa za a riƙa shan magani da tsakar rana, azumi ne fa." Aka dubi kalanda, aka yi dariya, aka gyara. Tun daga ranar likitocinmu suka yarda cewa mai ciwo abokin aiki ne, kuma ba zan ci haƙƙinsu ba, da zuciya ɗaya suka yarda. Sai dai yarda da abokin aiki ba ta koya wa mutum yadda ake gode masa, kuma wannan ne ya jawo mana shekarar da har yau in na tuna ta sai kaina ya ɗau zafi.

Binciken sikila ne, a Gwada da ƙauyukan kewayenta. Ana son a ga ko wani magani zai rage wa yara tashin ciwon, kuma sai an riƙa ɗibar jininsu lokaci lokaci ana dubawa. Shugaban aikin Dokta Sa'idu ne, matashi mai kunya da son mutane, irin wanda in yaro ya yi kuka shi ma sai jikinsa ya yi sanyi. Shi ya ce mini in nemo uwa guda da za ta zauna da su a kwamiti. Ban sha wahalar nema ba. Duk wadda na tambaya a kasuwar doya sai ta nuna mini rumfar Laraba.

Laraba mai sayar da doya ce, shugabar zumuntar mata a cocinsu, 'yarta Ladi kuma da ciwon aka haife ta. Mace ce gajera mai murya, Hausarta irin ta kasuwa, kowa "ka" ne a bakinta, mace ko namiji. Ta zauna a teburin likitoci a Minna kamar a rumfarta take. Ita ta ce kada a zo ranar kasuwa. Ita ta ce kada a shiga da yaro ɗaki a bar uwarsa a waje. Ita ta ce in ana son a san ko magani ya yi aiki, a tambayi uwa sau nawa ta bar gona ta zauna jinya, don abin da su ke gani ke nan. Dokta Sa'idu ya rubuta duka, ya sa a cikin tsarin. Sannan ta hau bayan okada ta bi gidaje ɗaya bayan ɗaya, inda ni kaina ba a buɗe mini ƙofa ba. Na ji ta da kunnena tana ce wa mata, "Ku kawo yara. In wani abu ya faru, ni za ku kama, kun san gidana." Da sunanta aka shiga garin nan, ba da tambarin da ke jikin motarmu ba.

Aiki ya tafi lafiya har damina. A cikinta ne ɗan wata mata mai suna Asabe ya rasu. Ciwon ya tashi masa haɗe da zazzaɓin sauro, hanya ta lalace, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. An bincika, ba maganin ba ne. Ni na je gaisuwa, Laraba ta kwana biyu a gidan tana girki. Dokta Sa'idu yana wani taro a nesa, ya bugo waya aka kara wa mijin Asabe a kunne. A lokacin ba wanda ya zargi kowa. Duk uwar mai sikila ta san abin da take riƙe da shi.

Ranar ƙarshe ta aikin kuwa, kamar kowace rana aka yi ta. Aka ɗebi jini, aka rufe kular ajiye jinin, aka sa a mota, aka ɗaga wa yara hannu. Na ce wa Dokta yaushe za mu dawo ban gajiya. Ya ce in sha Allahu da zarar sakamako ya fito. Wata ya wuce na tambaya, aka ce an mayar da motar aikin. Na sake tambaya, akantan ofis ya ce babu layin ban gajiya a cikin kasafi. Na ce to a cikin kasafin gidanku akwai? Ya ce Hajiya ke dai ba kya rabo da faɗa. Ga shi lokacin hanyar Shiroro ba tsaro, kowa ya samu abin fakewa.

Ana haka sai masu ba da kuɗin binciken suka aiko cewa suna son a karrama marasa lafiya da iyayen da suka taimaka. Niyya mai kyau, ban musa ba. Aka kama ɗakin taro a wani otal a nan Minna, aka buga katin gayyata mai ruwan zinariya. Na duba sunayen, manya ne tun daga sama har ƙasa, daga Gwada kuwa Laraba kaɗai. Na ce ko dai a ɗauko matan nan duka a bas, ko a kai taron can gindin bishiyar da aka yi aikin. Aka ce kujeru ba za su isa ba, kuma manyan baƙi ba za su iya hanyar ba. Na ce to a fasa kiran Laraba ita kaɗai. Aka dube ni kamar mai baƙin ciki da ita.

Ta zo da ɗinkinta na Kirsimeti. Manya suka yi ta jawabi har lemo ya huce. Can aka kira ta, wani mai babbar riga ya riƙe gefen wani ƙaton ambulan, ita ta riƙe ɗaya gefen, aka ce su yi murmushi, aka ɗauki hoto. Satifiket ne kawai a ciki, mai rubutun Turanci da jan tambari. Amma a hoto ba a ganin cikin ambulan. Kafin motar hayar da ta hau ta isa Gwada, hoton ya riga ta, yana ta yawo daga waya zuwa waya.

Ku da kuka tashi a birni kuna iya cewa mene ne a ciki. To ku saurara, don nan ne gaba ɗayan maganar take. A wurinmu in ka yi biki ko suna ko gayyar noma, mutane suka zo suka yi maka wahala, bayan an watse sai ka bi su gida gida ka ce sannunku da gajiya, Allah ya bar zumunci. Ban gajiya ke nan. Mutum ɗaya ne ba a bi gida a yi masa ita: ɗan ƙwadago, don shi an sallame shi da kuɗinsa. To matan Gwada sun ba da jinin 'ya'yansu, sun bar gona, sun yi layi a rana. Ba a zo musu ban gajiya ba, ke nan an ɗauke su 'yan ƙwadago. Su kuma sun san ba a biya su ba. Sai tambaya ta zama, wa ya karɓa a madadinsu? Suna cikin wannan tunani sai ga Laraba a otal, tana murmushi, riƙe da ambulan.

Ta nuna musu satifiket ɗin, aka ce ai ta riga ta zare abin da ke ciki. Magana ta girma, daga "an biya ta" aka koma "ta sayar da jinin yara", daga nan wasu suka fara haɗawa da rasuwar ɗan Asabe. A kasuwa mata suka riƙa tsallake rumfarta, doyarta na tsiro a gabanta. A coci in ta zauna a benci sai a matsa. Aka naɗa wata a shugabancin zumunta ba tare da an ko sanar da ita ba. Ranar da aka yi addu'ar cika shekara da rasuwar yaron, ta dafa abinci ta aika gidan Asabe kamar yadda maƙwabta ke yi, aka dawo mata da kwanonta a rufe yadda ta aika shi.

Da rana tsaka ta iso gidana a Sauka Kahuta, ko sallamar kirki babu. Ta jefa ambulan ɗin a gabana, duk ya yamutse.

"Hajiya, karbi kayanku."

Na ce Laraba zauna mana, ki huta.

"Ba zan zauna ba. Ka ga abin da mutanenka suka yi mini? Ni na ce a ba ni takarda? Ni na ce a dauke ni hoto? Garin da aka haife ni, yau ina wucewa yara suna cewa ga mai sayar da jini. Ladi ba ya iya zuwa makaranta. Ku kun gama aikinku kun tafi, ni ina zan tafi?"

Takaici ya cika ni, na ja mayafi ko kulle ɗaki ban tsaya yi ba, na tari keke napep sai asibitin da Dokta Sa'idu ke aiki. Na same shi ya fito daga duba marasa lafiya. Na zayyana masa komai a tsaye a baranda. Fuskarsa ta canza.

"Amma Hajiya, karrama ta muka yi. Wallahi ni na dage a sa sunanta."

Na ce na sani, Dokta, ai shi ya sa abin ya fi ba ni haushi. A rahoton da kuka rubuta, inda sunanta zai yi mata amfani, kun ce dokar sirri ta hana, kun rubuta "wata uwa". A hoton da zai kashe ta kuwa kun sa fuskarta har da haƙora.

Ya ce to bari ya rubuta wa hakimi takarda ya bayyana. Na ce takarda ce ta kai mu nan. Ya ce a yi sanarwa a rediyo. Na ce Dokta, kai ɗan Minna ne, ranar da aka yi bikin ƙanwarka a rediyo mahaifiyarka ta yi wa mutane ban gajiya? Na ce ƙafa za ka sa, gida gida, kai da kanka, ba ni ba, ba wakili ba. Kuma ka zo musu da abin da aka gano, da Hausar da za su ji.

Ya ce babu mota, na ce taka fa? Ya ce hanya, na ce hanyar da Laraba ta biyo yau ce. Na san na matsa masa, kuma na san matarsa ba za ta gode mini ba. Amma ya ɗauki hutu, ranar da muka sa ya zo ƙofar gidana da 'yar motarsa.

Kafin in ƙarasa, ku da za ku fara fita Kuta sati mai zuwa, na ga tsarin da kuka manna a bango. Ranar shiga gari tana nan, ranar ɗiban jini tana nan, har ranar liyafar rufe aiki kun sa da jan biro. Ranar komawa gidajen mutane ce ban gani ba. Ku gyara kafin in zo ofis, ko in gyara muku da bakina a gaban kowa.

Da muka isa Gwada rumfar Laraba muka fara zuwa. Ta ce ita ba inda za ta, mu je mu kwashe abin da muka zubar. Muka fara daga gidan mai gari, sannan muka shiga lungu. Dokta yana cire takalmi a kowace ƙofa yana cewa sannunku da gajiya, mun yi laifi, mun tafi ba sallama. Wasu suka amsa da sanyi, wasu suka wanke shi tas. Wata tsohuwa ta ce ta ɗauka ya mutu ne. A kowane gida ya bayyana cewa maganin ya rage wa yara da yawa tashin ciwo amma ba ya warkarwa, ya faɗi abin da aka sani da abin da har yanzu ba a sani ba. Ya ce shawarar iyayen garin nan ce ta sa aikin ya yi kyau. Muna fitowa daga gida na uku ko na huɗu na waiga, sai ga Laraba can baya tana biye da mu, ta bar tazara kamar ba tare muke ba.

Gidan Asabe muka bari ƙarshe, rana ta take. Muka same ta a ƙarƙashin rumfar kara tana ɓarar agushi, mata maƙwabta sun biyo mu sun cika tsakar gida. Laraba ta tsaya a waje, jikin rumbu, inda za a iya ganinta ta ƙofa. Dokta ya durƙusa a ƙasa ya yi ta'aziyyar da ta makara fiye da shekara. Asabe ba ta ɗaga kai ba.

"Yaro ya mutu, ka buga waya," in ji ta.

Ya ce, "Haka ne, Mama. Ban kyauta ba."

"Jininsa yana ina?"

Ya ce an auna abin da za a auna, ragowar an ƙone ta kamar yadda doka ta ce, tare da ta sauran yara. Ba a sayar ba, ba a kai ko'ina ba, kuma duk wadda ke son ganin ɗakin gwajin shi zai kai ta da motarsa.

"Laraba fa? Nawa ne a cikin ambulan?"

Ya ce, "Takarda ce kawai, Mama. Laraba ba ta ci komai a aikin nan ba sai kuɗin motar zuwa taro. Godiyar da ya kamata mu kawo muku nan gida gida, ita muka naɗe muka ba ta ita kaɗai a otal. Wautarmu ce, ita ba ta roƙa ba. In akwai wanda za a yi fushi da shi, ga ni."

Asabe ta ci gaba da ɓarar agushinta. Kaji na ta tsattsagar ɓawo a gefenta. Dokta na durƙushe, zufa na bin wuyansa tana jiƙa kwalar riga. Ni kaina na fara tunanin mun yi zuwan banza, ina lissafin yadda zan nemo wa Laraba rumfa a kasuwar Minna. Sai Asabe ta kakkaɓe zaninta, ta ɗaga murya ba tare da ta dubi ƙofa ba.

"Laraba! Ka tsaya a waje kamar bako? Shiga daki ka kawo wa likita ruwa, ba ka ga yana zufa ba?"

Ba a aika baƙo cikin ɗakin matar gida, kuma duk macen da ke tsakar gidan nan ta san haka. Suka dare suka ba ta hanya. Laraba ta ratsa su kanta a sama, ta ɗaga labule ta shige, ba ta tambayi inda randa take ba. Ta daɗe a ciki fiye da yadda ɗiban ruwa ke bukata. Da ta fito idonta ya yi ja, garin miƙa kofi rabin ruwan a wandon Dokta ya ƙare. Ya karɓi kofin da hannu biyu ya shanye sauran.

Asabe ta matsa gefe a kan buhun da take zaune, ta tura tiren agushin tsakaninsu. Laraba ta zauna ta sa hannu.